Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Duk mai zanen da ya tashi nuna arzikin Arewa, dalar gyaɗa yake fara kafawa. Muna ganinta a bangon littattafai da kalandu da tamburan ƙungiyoyi. Ba mamaki gobe wani ya ce a gina mana ita da siminti a shataletalen Azare, a kewaye ta da furanni. To, kafin a kwaɓa simintin, ya kamata mu tambayi kanmu: shin alamar mece ce wannan dala?

Alal haƙiƙa, dalar gyaɗa ba gini ba ce, jira ce. Buhuna ne wajen 15,000 ake jibgewa a dala guda a Kano da Malam Madori, suna dakon jirgin ƙasan da zai kai su Ikko, daga nan sai Turai. Yawan dalolin bayan Yaƙin Duniya na Biyu shaida ne na ƙwazon manomi, amma kuma shaida ne cewa jirgi ya gaza kwashe kaya. Alhasan Ɗantata, wanda ake danganta fasahar jera su gare shi, ya ci ribar kasuwancinsa. Hukumar cinikin gyaɗa da aka kafa a 1949 ta saya da araha, ta sayar da tsada. Manomin ƙasar Katagum fa, wanda ya sha rana? Shi ko a hoton ba ya fitowa.

Da fari ya auko a 1973, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, ga kuɗin fetur ya ɗauke hankalin mahukunta, sai daloli suka ɓace. Da aka jera dalolin shinkafa a Abuja cikin Janairun 2022, tafi muka yi, amma mudu bai sauko a kasuwa ba. Ashe siffar muke so, ba amfanin ba. Dalar Masar ma, da ta shekara 4,500 a tsaye, kabari ce.

Saboda haka, ya ku ɗalibai da malamai masu alƙalami da burushi, kada mu ci gaba da yi wa rogo kallon kitse. In za mu zana, mu zana ɗan dakon da ya hau da buhu a ka, da matar da ke murza ƙuliƙuli. In za mu ƙawata lambu, mu dasa kuka da tsamiya, waɗanda talaka zai sha inuwarsu, ya kaɗa miya da kunu. Tuna baya shi ne roƙo, mu kuwa ba mabarata ba ne.