A Bar Rundunar Da Aka Ci Ta Gudu, Gem Ɗin Ya Fi Daɗi A Haka

Duk wanda ya taɓa buga Europa Universalis IV ya san wannan takaicin. Ka tara dakaru, ka tari abokin gaba, ka lallasa shi, sai kawai ka ga ragowar sojojinsa sun ranta a na kare, suna keta lardi bayan lardi, kai kuma ba ka da ikon taɓa su har sai sun isa inda za su. Bayan 'yan watanni sun farfaɗo, sun dawo maka. A dandalin sada zumunta da yawa daga 'yan gem suna kiran wannan doka da cuta. Ni kuwa ina ganin tana cikin abin da ya sa wasan ya yi armashi.

Ga wanda bai san shi ba, wasan kwamfuta ne da kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2013. Kana zaɓar ƙasa ka mulke ta daga 1444 zuwa 1821, kuma Kano da Katsina da Zazzau duk suna cikin waɗanda ake iya zaɓa. Dokar ja da baya a cikinsa mai sauƙi ce. Idan aka gwabza, ba wanda zai iya janye sojojinsa sai an yi kwana 12. Rundunar da ƙarfin gwiwarta ya ƙare bayan nan, sai ta tsere zuwa wani lardi mai nisa: mai ita ba zai iya juya ta ba, abokin gaba ma ba zai iya tare ta ba. Amma in gwiwarta ta sace tun kafin kwana 12 ɗin, alhali abokan gaba sun ninka ta biyu, to, share ta ake yi daga taswira baki ɗaya.

Me ya kawo wannan tsari? A wasan da ya gabace shi, Europa Universalis III, rundunar da aka ci lardin da ke maƙwabtaka take komawa. Sai ka bi ta, ka sake bugunta, ta matsa gaba, ka sake bi, kamar ana wasan 'yar ɓuya. Wanda ya ci karon farko kusan ya gama cin yaƙin. To ina daɗin gem ɗin da aka san ƙarshensa tun daga minti biyar na farko? In kana riƙe da ƙaramar ƙasa irin Zazzau, babbar daula ta taso maka, damar nan ta tsira da rabin sojojinka ita ce kaɗai abin da zai sa ka ci gaba da zama kan kujera. Kowace bataliya mutum 1,000 ce, kuma in rumbun mazajen ƙasarka ya ƙare, kusan shekara goma yake ɗauka kafin ya sake cika. Ka ga kenan sojan da ya tsira da ransa dukiya ne.

Tarihi ma haka ya nuna. A Satumba 1812, bayan yaƙin Borodino, kwamandan Rasha Kutuzov ya janye, ya bar wa Napoleon birnin Mosko. Mutane da yawa sun ga abin kunya ne, amma rundunarsa ta tsira, kuma ita ce ta bi Faransawa da duka lokacin da suka juya gida cikin sanyi da yunwa. Ko a nan gida, an yi wa dakarun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo mummunar ɓarna a Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, suka koma Zamfara suka sake shiri, a 1808 kuma suka ci Alƙalawa. Da wasan ya ce karo ɗaya ke yanke hukunci, da ya yi wa tarihi ƙarya. Ja da baya ga rago ai ba tsoro ba ne.

Sai dai masu ƙorafi suna da tasu gaskiyar. A yaƙoƙin da, galibi an fi kisa lokacin da sahu ya watse, mahaya dawaki suka bi masu gudu. Wasannin Total War na kamfanin Creative Assembly da ke Ingila sun kama wannan da kyau: sojoji na karaya su juya baya, kai kuma ka sako musu dawaki, ka tsince su ɗaya bayan ɗaya kafin su fice daga fili. A kan taswira kuma runduna tana iya kauce wa faɗa sau ɗaya, in aka sake cim mata dole ta tsaya, in aka ci ta kuwa shi kenan. Idan aka kwatanta, rundunar Europa Universalis IV da ke wucewa ta gaban hancinka kamar aljana, ba ko ƙwarzane, lallai da abin dubawa.

Amma gyara ake wa irin wannan, ba a jefar da shi. A ganina, kamata ya yi gudun ya zama da farashi: duk lardin da runduna ta keta ta zubar da wasu mazaje, musamman in mai bin ta ya fi ta dawaki. Da haka wanda ya yi nasara zai ga ribar nasararsa, wanda aka ci kuma bai mutu murus ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'armu mu 'yan wasa. Da an ci mutum sau ɗaya sai ya kashe gem, ko ya koma inda ya adana wasa ya sake, har sai ƙuri'a ta faɗo masa daidai. Mun saba da kirarin ba gudu ba ja da baya, har muna ganin janyewa faɗuwa ce. Wannan doka kuwa tambaya take maka a rana ta 12: ka zauna a ƙarar da kai don kada a ce ka gudu, ko ka kwashe yaranka ka nufi bayan ganuwa ka jira damarka?

Don haka 'yan uwa, in za ku buga a ƙarshen makon nan, ku kunna tsarin Ironman wanda ba ya barin a koma baya a goge kuskure. Ku ɗauki Katsina ko Kano, in yaƙi ya juya muku baya ku janye da wuri, ku lissafa mazajen da suka rage, sannan ku faɗa mana yadda karo na biyu ya kaya.