Wasan Waya Da Yaran Bakin Iyaka

Kowane malamin makaranta ya san yaron da kan zo aji ido jajir, yana gyangyaɗi, don ya kwana yana buga wasan intanet a wayar hannu. Da yawa sukan ce shashanci ne, bulala ce maganinsa. Mu dai muna ganin maganar ta fi haka zurfi.

Cikin 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan hali a jerin cututtuka. Amma fa ba kowane mai wasa ake nufi ba, sai wanda ya kasa tsai da kansa, ya fifita wasan bisa karatu da sana'a, ya ci gaba ko da ya ga ɓarnar, har wajen wata 12. Irinsu kaɗan ne. Masana sun tarar abin ya fi kama mai yawan fargaba, da mai jin nauyin shiga mutane, da maras haƙuri, da wanda ba ya jin daɗin zama da iyayensa. Watau wasan mafaka ne ga yaron da zullumi ya dama: a ciki ba mai yi masa tsawa, in ya fāɗi kuwa sai ya sake.

To, a dubi Daddara, a kan hanyar Katsina zuwa Jibiya. Abincin mutanen wannan yanki noma ne da fatauci zuwa Maraɗi. An rufe iyaka cikin Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har Maris 2024. Ga kuma shekarun da 'yan bindiga suka hana noman gonakin nesa. Maigidan da kasuwa ta tsaya masa, ko dai ya tafi cin rani, ko ya zauna gida da ɓacin rai. Kowanne aka yi, ɗa ya rasa mai sauraronsa.

Waɗansu sun ce a yi irin ta ƙasar Sin, wadda a 2021 ta ƙayyade wa yara awa 3 a mako. Ai cikin Satumba na wannan shekara an yanke layin waya a ƙasar Jibiya har watanni saboda tsaro, amma yanke layi ba ya fid da tsoro daga zuciyar yaro. Kafin malami ya ɗauki bulala, ya kamata ya aika a kira uban, ya tambaye shi yaushe rabonsa da hira da ɗansa.