Waiwaye: Riƙon Sanda a Wurin Baba Saje

A gidanmu da ke unguwar Jahun, cikin garin Bauchi, ba a kiɗa. Mahaifina yadi yake sayarwa a kasuwa, kuma a ganinsa kiɗa gadon wasu gidaje ne: ka gan su ranar hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Bauchi da tambura da algaitu, ka yi musu alheri, ka wuce. Ranar da na gaya masa an ɗauke ni cikin 'yan badujalar makaranta, ya daɗe bai tanka ba. Can sai ya tambaya ko da kaki ake yi. Na ce da kaki, Baba, har da farar safar hannu. Ya ce to, wannan fareti ne, ba roƙo ba. Da wannan fatawa na shiga, cikin hunturun farkon 1994, ina aji biyu a sakandare.

Mai koya mana wani tsohon ɗan sanda ne da ya yi ritaya daga sashen badujala. Baba Saje kowa ke ce masa. Bayan la'asar yake zuwa a kan keke, sanduna biyu soke a cikin safarsa. Babban abin tinƙahonsa shi ne taken ƙasar da ake rerawa a lokacin, wanda aka fara a 1978, ɗan sanda ne ya tsara masa kiɗa, wato Benedict Odiase, shugaban badujalar 'yan sandan Najeriya. Ba ya gajiya da faɗin wannan, mu kuma ba mu isa mu nuna mun taɓa ji ba.

Ƙaramar ganga aka ba ni, irin wadda ake ratayawa a kafaɗa ta sauko kan cinyar hagu. Faɗinta inci 14, fuska biyu. A fuskar ƙasa an gitta siraran wayoyi murɗaɗɗu, wajen guda 20, manne da fata. In ka bugi sama, iskar ciki ta tura fatar ƙasa, wayoyin su yi tsalle su dawo, sai ka ji wannan zizar mai kaifi. Makaɗan gargajiya ma sun san dabarar tun tuni, domin gangarmu ta Hausa ana gitta mata tsirkiya a fuska don ta riƙa ziza. Bugun tafiya, hagu dama hagu dama, cikin mako biyu na iya. Abin da ya gagare ni shi ne wanda Baba Saje ke kira rol, mu kuma muke ce masa gurnani: dogon sautin nan da ba ya yankewa, wanda ake yi kafin a ɗauki taken ƙasa, ko lokacin da tuta ke hawa.

Na ɗauka sauri ne. Wa ba zai ɗauka ba? Ka ji abu yana zuba kamar ruwan Agusta a kan kwano, ai sai ka ce hannu ne ke gudu. Sai na damƙe sanduna kamar mai saran itace, na cije leɓe, na dinga lugude. Ba na kai daƙiƙa goma sai damtsena ya ƙage, abin da ke fita kuwa kamar awaki sun hau rufi.

Baba Saje ya tsaya a kaina yana kallo. Ya ce, “Kai yaro, gangar nan bashi kake bin ta?”

Na ce, “A'a, Baba.”

Ya ƙwace gangar ya ba wani. Ni kuma ya kai ni gindin dalbejiya, ya kafa tsohon silifas a kan benci da ƙusa, ya ba ni sanda ɗaya tak. Ya ce in riƙe ta tsakanin babban yatsa da manuni, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gindinta, in ɗaga, in sake ta ta faɗi, in ƙirga sau nawa za ta yi tsalle da kanta kafin ta kwanta. Ba bugu. Sakewa kawai. Mako uku ina wannan, abokaina suna can suna ragargazar ganga, ni ina hira da takalmi, yatsuna duk sun yi faso saboda sanyi.

A kan silifas ɗin nan na gane yadda abin yake. Hannun mai gurnani ba gudu yake ba, tafiya yake a natse, dama, hagu, dama, hagu. Sandar ce ke aikin. Kowane saukar hannu ɗaya, kan sandar yana dira sau huɗu ko biyar ko fiye, tsallen yana ƙanƙancewa har ya mutu. Kafin na dama ya mutu na hagu ya shigo, kafin na hagu ya mutu na dama ya dawo, shi ya sa kunne ba ya jin gaɓa. Duk sirrin yana wurin yatsu biyun nan. Ka matsa da yawa, ka shaƙe sandar, ta yi ɗif ta tsaya. Ka saki da yawa, tsallen ya warwatse, a riƙa jin ɗiɗɗiga. Har wurin bugun ma da lissafi: tsakiyar fata ba ta mayar da sanda sosai, sai ka ɗan matso gefe, in kuma ana son abin ya fara a hankali, daga can bakin ganga ake ɗauko shi a taho da shi ciki.

Yana da wata jarrabawa da yake mana. Kana cikin yi sai ya lallaɓo ta baya ya fizgi sandar. In ta ƙi fita, ka sha ranƙwashi, ka damƙe. In kuma ta riga ta faɗi tun bai taɓa ba, ranƙwashi biyu. Yakan ce a riƙe ta kamar ɗan tsako. Na yi shekaru ina koyarwa bayan haka, na kuma haifi 'ya'ya, kuma sau da dama na kama kaina ina damƙar yaro irin damƙar da nake yi wa sandar nan, ina mamakin me ya sa ya yi ɗif. Ba ƙarfi ne ke sa mutum damƙa ba, tsoro ne. Tsoron kada abin ya kuɓuce ne ya hana shi tafiya.

Sai kuma maganar hagu. Mu da aka tashe mu ana buge mana hannu in mun miƙa hagu cikin akushi, ba ma ci da shi, ba ma karɓa da shi, ba ma gaisawa da shi, ga shi rana ɗaya an ce ya yi kafaɗa da kafaɗa da dama. Ga kuma riƙonsa daban, tafin hannu yana kallon sama, sanda kwance a gindin babban yatsa, saboda gangar a karkace take rataye. Hannun dama yana zuba shaa, na hagu yana tak-tak, gurnanina ya riƙa ɗingishi. Maganin da Baba Saje ya ba ni: duk abin da dama ya yi sau ɗaya, hagu ya yi sau uku, kuma da hagu zan riƙa farawa. Shekaru bayan haka na ga jerin darussan ganga 40 da wata ƙungiyar makaɗa ta Amurka, Percussive Arts Society, ta fitar a 1984, na tarar da gurnaninmu shi ne na 4. Sun ba shi lamba da suna, amma ba su da silifas.

Ranar yara, 27 ga Mayu, muka shiga filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa. An yi yayyafi da asuba, biyu daga cikin gangunanmu masu fatar dabba suka yi laushi, sai da aka kanga su a bakin wutar mai shayi. Makarantu sun jeru, rana ta fito da zafinta na bayan ruwa. Mu shida ne masu ƙananan ganguna. Jagoranmu ya ɗaga sandarsa, muka ɗauki gurnani daga bakin ganga, muna jiran ya sauke a shiga take.

Bai sauke ba. Ashe babban baƙo bai gama hawa dandamali ba, ya tsaya gaisawa. Abin da muka saba yi na daƙiƙa biyar ya miƙe. Na ji na kusa da ni, wanda ya fi mu ƙarfi duka, ya fara sassarfa, sannan ya shaƙe. Gumi ya shiga idona, safar hannu ta fara santsi, yatsuna suka soma matsewa da kansu. Na tuna bencin nan, na buɗe su kaɗan. Sandar ta ci gaba da tsallenta kamar ba ruwanta da ni. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san da sandar jagora ta sauka, akwai sauran sauti a gangata.

Mu muka zo na uku cikin makarantun da suka yi faretin. Aka raba mana lemo da biredi a bayan fili, ina ta satar kallon Baba Saje ko zai ce wani abu. Ya gama ɗaure ƙafar wandonsa, ya hau keke, har ya taka feda, sannan ya juyo.

Ya ce, “Hannun hagunka har yanzu yana ɗingishi. Litinin bayan la'asar, ka zo da silifas.”