Gwajin minti biyu a shagon waya ba garanti ba ne

A shagunan waya na Dutse akwai abin da ya zama al'ada. Matashi ya zo sayen Samsung ta hannu, irin waɗanda ake sarowa daga kasuwar Farm Centre ta Kano. Mai shago ya karɓe ta ya danna *#0*#, sai allon ya cika da ƙananan akwatuna. A taɓa wannan allo ya koma ja, a taɓa wancan ya koma kore, a ja yatsa a kan layuka, a saurari sifika. Cikin minti biyu an gama. Mai shago ya ce ai ga shi an gani da ido, daga nan sai sharaɗin da kowa ya sani: in waya ta bar shago, ta bar shi ke nan.

Gwajin kansa ba yaudara ba ne, kuma wanda ya sayi waya bai yi shi ba ya yi sakaci. Matsalar ita ce nauyin da ake ɗora masa ya fi ƙarfinsa.

Kowace wayar Android, Tecno ce ko Infinix, itel ko Redmi, a ƙarƙashin manhajojinta akwai kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Shi ne zuciyar manhajar waya. Amma kanel ba ya magana da kyamara ko batir kai tsaye, sai ta bakin wasu ƙananan manhajoji da ake kira direbobi. Direba a nan tafinta ne: kyamara da nata, allon taɓawa da nasa, sashen caji da nasa. In WhatsApp ya sami matsala, shi kaɗai yake rufewa. Direban da ke cikin kanel kuwa in ya yi tuntuɓe, yana iya tafiya da wayar gaba ɗaya, ta ɗauke ta sake kunna kanta.

Shi ya sa masu rubuta Linux suke da nasu gwaje-gwajen. Akwai kselftest, akwai kuma KUnit da ya shiga a sigar 5.5 a farkon 2020. Dubban mutane ne ke taɓa wannan kanel, kuma kusan duk mako tara ko goma ana fitar da sabuwar siga. Babban aikin gwaje-gwajen shi ne hana gyaran gangar Abzinawa, wato a gyara wuri ɗaya a ɓata wani ba a sani ba. A wannan fage suna da amfani ƙwarai. Lambar da mai shago ke dannawa ba ita ce wannan gwajin ba, amma danginsu ɗaya: tana aika tambaya ta hannun direba, ta jira amsar da aka sa rai.

Iyakar kuwa a nan take. Gwaji ba ya tambayar sai abin da wanda ya rubuta shi ya yi tunani a kai. Yawancin gwaje-gwajen KUnit ma ba a kan waya ake gudanar da su ba, a cikin kwamfuta ne, da na'urar kwaikwayo. Babu zafin watan Afrilu na Dutse a ciki, lokacin da ake haura maki 40. Babu ƙurar hunturu da ke cushe bakin caji, babu cajar bogi a wurin mai caji da janareta. Wayar da ta amsa komai daidai a inuwar shago, ita ce za ta iya ɗaukewa in an yi minti ashirin ana bidiyo a rana, ko in batirin ya sauko ƙasa da rabi.

Kada a ɗauka wannan matsalar ƙananan 'yan kasuwa ce. Ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya tura wa abokan cinikinsa wani ɗan sabuntawa. Manhajarsa tana aiki ne da direba a cikin kanel ɗin Windows. Kamfanin yana da na'urar tantancewa da ke duba irin wannan fayil kafin a sake shi, ta duba kuma ta ce lafiya lau. Ashe ita kanta mai tantancewar tana da aibi. Fayil ɗin ya nemi bayanai 21, alhali 20 ake ba shi, direban ya miƙa hannu inda babu komai, kwamfutoci suka faɗi. Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. An soke tashin dubban jirage, bankuna da asibitoci suka tsaya cik. Gwajin ya ce an ci, kuma da gaske an ci tambayoyin da ya yi. Tambayar da bai yi ba ce ta kayar da su.

Akwai kuma wani gibin da ya fi shafar mai sayen waya a Jigawa. Gwajin kai, wayar ake tambaya game da kanta. In an riga an koya mata ƙarya, ƙarya za ta faɗa. Jabun wayoyi na iya nuna ma'adana mai 256GB a saiti, alhali abin da ke ciki bai kai kusa da haka ba, sai an fara tura finafinai asiri ya tonu. Manyan kamfanoni ma an taɓa kama su: a 2018 masu manhajar awo ta 3DMark sun cire wasu wayoyin Huawei daga jerinsu, saboda wayoyin kan ƙara ƙaimi da zarar sun gane ana gwada su.

Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da ya yi wata da watanni yana tara kuɗin waya, ko mai POS a Kiyawa da wayar ce jarinsa, bai kamata ya yarda minti biyu su zama ƙarshen magana ba. Ya yi gwajin, sannan ya sa layinsa ya yi kira, ya kunna data, ya ɗauki bidiyo mai tsawo har wayar ta yi ɗumi, ya jona caji ya ga ko lambar batirin tana hawa a hankali ko tana tsalle.

Abin da ya fi duka shi ne ya nemi kwana biyu ko uku na gwaji. Masu shago suna da hujjarsu ta ƙin yarda, domin akwai mai jefa waya a ruwa ya dawo da ita, akwai mai musanya ta da wata. Musanya dai tana da magani: a danna *#06# a gaban juna, a rubuta lambar IMEI a jikin rasit tare da ranar da wa'adin zai cika. Mai shagon da ya amince da kayansa ba ya asarar komai da wannan, kuma a garin da ba shi da girma kamar Dutse, labarin shagon da ke karɓar waya in ta nuna aibi cikin wa'adi ba ya daɗewa bai zaga ɗakunan kwanan ɗalibai ba.