Labarinmu Na Yawo A Waya, Wa Ke Ba Da Shi?

Jama'ar Sabo da sauran unguwannin Hausawa na Kudu.

Kafin zuwan wayar salula a 2001, in rigima ta tashi tsakanin ɗan'uwanmu da ɗan gari, Sarkin Hausawa da Baale kan zauna su kashe wutar tun labari bai bar unguwa ba. Yau kuwa kafin dattawa su gama naɗa rawani, bidiyo ya isa Kano da Legas, kowa ya yanke hukunci.

Ba mu manta da kasuwar Shasha a Ibadan ba. A watan Fabrairun 2021, sa-in-sa tsakanin mutane ƙalilan ta rikiɗe ta zama rikicin ƙabilanci, aka rasa rayuka, aka ƙone rumfuna da gidaje, har Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar. Hotuna suka cika WhatsApp da Facebook, kowane ɓangare na yaɗa wanda ya fi tunzura nasa. Kafin watan ya ƙare, dillalan abinci da dabbobi sun tsayar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki. Asara ta hau kan kowa.

Gwamnati ma ta san ƙarfin wannan hanya. Ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, masu iyaye a can suka yi makonni ba su ji muryarsu ba. Ashe mai riƙe da layi da mai fara ba da labari su ke da iko a zamanin nan. Mu fa? Akasari saƙo muke karɓa mu tura gaba.

Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba mu 'yancin zama ko'ina a Nijeriya, na 43 ya ba mu na mallakar gida da fili. Amma jita-jitar dare ɗaya na iya cinye guminmu na shekara talatin.

Don haka muna kira da abu uku. Duk saƙon da ya ce ana kashe 'yan'uwanmu, kada a tura shi sai an kira shugaban unguwar an tabbatar; dokar laifukan intanet ta 2015 tana hukunta mai yaɗa ƙaryar da ke tada fitina. Kowane reshe ya zaɓi matasa biyu masu jin Yarbanci ko Ibo da Turanci, su riƙa fitar da sahihin bayani cikin gaggawa. In an zalunce mu, mu ajiye hoton tare da rana da wuri, mu kai wa lauyan ƙungiya da 'yan sanda.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.