Makin Shiga Jami'a: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Kowace shekara, da zarar Hukumar JAMB ta fito da sakamakon jarrabawarta, sai kuka ya tashi a gidaje: yaro ya ci maki mai kyau, amma jami'a ta ƙi ɗaukarsa karatun likita ko na lauya. Mun ga ya kamata mu yi wa malaman makaranta da ma'aikatan ofis bayanin yadda al'amarin yake, domin su ne iyaye kan nufa neman shawara.

An kafa wannan hukuma a 1978. Jarrabawarta fanni huɗu ce, Turanci tilas ne a cikinsu, jimlar maki kuwa 400. A 2025 yara kusan miliyan biyu suka zauna mata, fiye da miliyan ɗaya kuma ba su kai maki 200 ba. A wannan shekara ta 2025 aka tsai da 150 ya zama mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 100 kuma na kwalejojin fasaha da na horon malamai.

To, a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Wannan 150 ba ta ba kowa gurbi ba, izni ne kawai na tsayawa a bakin ƙofa. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata maki, kowane sashe a cikinta kuma yana da nasa. Tun 2005 jami'o'i suka shiga yin tasu tantancewa bayan ta JAMB, sa'an nan su haɗa makin biyu. Sashen likita kuwa ba shi da ikon wuce adadin ɗaliban da Majalisar Likitoci ta ƙasa ta ƙayyade masa, gwargwadon malamansa da gadajen asibitinsa. In dubbai suka nemi gurbin da bai wuce na 'yan ɗaruruwa ba, dole maki ya hau. Watau yawan masu nema da ƙarancin kujeru su ke yanke makin, ba mugun nufin wani ba. Ga kuma tsarin rabo a jami'o'in Tarayya: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari baya a ilmi. Saboda haka makin da ya isa a wata jami'a ba lalle ya isa a wata ba.

Abin da muke so a lura da shi shi ne, zaɓi na biyu tun ran cika takarda ake yinsa, ba bayan sakamako ya fito ba, domin fannonin da yaro ya rubuta su ne ke buɗe masa ƙofa ko su rufe. Mai neman likita yakan rubuta Turanci da ilmin halittu da Kemistiri da Fiziks. Waɗannan suna iya kai shi haɗa magunguna, ko jinya, ko aikin ɗakin gwaje-gwaje, ko likitan dabbobi. Amma ba za su kai shi aikin injiniya ba, don can Lissafi ake bukata. Kuma kada a ɗauka jinya da haɗa magunguna wurin fakewa ne mai sauƙi, su ma masu nemansu sun yi yawa. Wanda ke son mafita ta gaske sai ya dubi aikin gona, da kimiyya zalla, da koyarwa, inda cunkoso bai kai haka ba, ƙasa kuwa na matuƙar bukatarsu.

Wanda maki ya gaza masa yana da hanya uku. Yana iya sauya fanni ko jami'a ta hannun JAMB kafin a rufe. Yana iya bin karatun share fage na IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, ko ya sami takardar NCE ko difloma, daga nan ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. Ko kuwa ya sake zama jarrabawa baɗi. Wannan ta ƙarshe ba laifi ba ce in ratar kaɗan ce, amma yaron da ya shekara uku yana jiran kujera ɗaya ya yi hasarar abin da ba ya dawowa.

Akwai gargaɗi guda. Tun 2017 duk ɗaukar ɗalibai ta kan bi ta tsarin CAPS na JAMB, inda yaro zai ga gurbin da aka ba shi ya karɓa ko ya ƙi. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo gurbi ta bayan gida, a guje shi, gama shigar da hukuma ba ta san da ita ba takan zama ƙaya ran tafiya bautar ƙasa.

Muna roƙon malamai su zauna da ɗalibansu tun suna ajin ƙarshe, su auna ƙarfin kowa da gaskiya, su sa ya rubuta fanni biyu ko uku da zai yi da zuciya ɗaya. Iyaye kuma su daina ɗaukar zaɓi na biyu abin kunya. Likitan da muke alfahari da shi, ai malamin kimiyya ne ya koya masa, kuma wannan malami ma sai an horar da shi.