Filin Motoci: Tayar Da Ta Dace Da Tsohuwar Jaguar

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata jama'a da Allah ya ɗora wa son tsofaffin motocin gudu. Sukan sayi motar da ta shekara hamsin ko sittin, wadda tsatsa ta ci ƙarfinta, su kai ta gareji a wargaza ta ƙusa-ƙusa, sa'an nan a sake haɗa ta. Mutum yakan shekara biyu ko uku yana zuba kuɗi a inji da fenti da kujeru, har motar ta dawo kamar ranar da ta fito daga masana'anta. To, amma idan aka zo kan taya, a nan ne da yawa daga cikinsu ke yin tuntuɓe, domin sun ɗauka taya baƙar roba ce kawai, duk wadda ta shiga wili ta wadatar. Alhali kuwa duk ƙarfin injin nan da birkin nan da aka kashe wa dukiya, ba su da hanyar isa ga kwalta sai ta wurare huɗu, kowanne bai fi tafin hannu girma ba.

Filin wannan mako zai ɗauki misali da Jaguar E-Type, motar Ingila mai dogon hanci, wadda aka fara nuna wa duniya a bikin baje kolin motoci na birnin Janeba cikin watan Maris na 1961. An ƙera ta a birnin Coventry, da inji mai silinda shida, aka kuma yi shelar cewa tana iya gudun mil 150 a awa, watau kimanin kilomita 240. Kafin a daina ƙera ta a 1974 an fitar da fiye da guda 70,000, kuma har yanzu dubbai na nan a hannun masu sha'awa. Duk wanda ya gama gyaran irin wannan mota, hanyoyi uku ne a gabansa game da taya, biyu daga cikinsu kuwa rami ne.

Kafin a kai ga hanyoyin, ya kamata mai karatu ya san cewa taya iri biyu ce ta fuskar saƙar zaren da ke cikin robarta. Ta farko ita ce mai saƙar gicciye, wadda Turawa ke kira kurosfilai. A cikinta zaruruwan shimfiɗa-shimfiɗa ne, kowace shimfiɗa ta gitta wa 'yar'uwarta a karkace, saboda haka gefen tayar da fuskarta duk jiki ɗaya ne mai tauri. Ta biyu ita ce rediyal, wadda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946, ya kuma fito da ita kasuwa a 1949 da sunan Michelin X. A cikin rediyal zaruruwan sun miƙe ne daga wannan baki zuwa wancan, aka kuma ɗaura musu ɗamara a ƙarƙashin fuskar da ke taka ƙasa. Wannan ya sa gefenta yana lanƙwasa yayin da fuskarta ke nan shimfiɗe, ga ƙarko, ga riƙon hanya musamman idan an yi ruwa, kuma ba ta cika ɗaukar zafi kamar ta farko ba.

E-Type ta fito ne a daidai lokacin da ake wannan canji. Motocin farko sun zo da Dunlop RS5 mai saƙar gicciye, mai lamba 6.40-15, a kan wili mai faɗin inci 5. A tsakiyar shekarun 1960 kamfanin ya koma ga rediyal mai lamba 185 R15, ita ma ta Dunlop. Sai a 1971, da aka fito da samfuri na uku mai silinda goma sha biyu, aka sa mata taya mai faɗi wadda a lissafin yanzu ake rubutawa 205/70 R15. Abin lura a nan shi ne, Jaguar ba ta faɗaɗa tayar haka kawai ba. Sai da ta faɗaɗa wilin zuwa inci 6, ta buɗa bakin ƙarfen da ke rufe ƙafafun, ta kuma sa wa sitiyarin na'urar da ke sauƙaƙa juya shi. Ke nan su kansu masu motar sun san cewa canza taya canza mota ne.

Hanya ta farko da mai gyara kan faɗa ita ce ta son asali fiye da kima. Yakan yi ta cigiya har ya samo tayoyin zamanin motar, waɗanda suka daɗe a ajiye a wani sito ba a taɓa ɗaura su ba, zanensu raɗau, ya biya kuɗi mai yawa yana murna. Ko kuma ya bar waɗanda ya tarar a jikin motar, tun da ya ga ba su suɗe ba. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma wannan karin magana bai shafi roba ba. Roba tana tsufa ko ana tafiya da ita ko tana ajiye, domin iska da zafi suna busar da ita, ta taurare, ta tsattsage, ɗamarar ciki kuma ta fara rabuwa da jikinta ta inda ido ba ya gani. Irin wannan taya kyan ɗan maciji gare ta. Motar sha'awa kuwa ita ce ta fi faɗawa wannan tarko, don ba a fita da ita sai jefi-jefi, sai tayar ta tsufa zanenta bai ko taɓu ba.

Wannan magana tana da shaidu. A ranar 30 ga Nuwamba, 2013, ɗan wasan fim ɗin nan na Amurka, Paul Walker, ya rasu tare da abokinsa da ke tuƙi a cikin Porsche Carrera GT a jihar Kalifoniya. Masu bincike sun ɗora alhakin haɗarin a kan gudu fiye da ƙa'ida, amma rahotonsu ya ambata cewa tayoyin motar sun shekara tara. A Ingila kuma, cikin 2012, tayar gaba ta wata motar safa, wadda ta shekara 19, ta fashe a kan hanya, mutum uku suka rasa rayukansu. Daga bisani, tun 1 ga Fabrairu, 2021, doka ta hana ɗaura tayar da ta wuce shekara goma a ƙafafun gaba na manyan motoci da motocin safa a Birtaniya. Kamfanin Michelin da kansa yana ba da shawarar a riƙa duba taya duk shekara idan ta kai shekara biyar, a kuma cire ta idan ta kai goma komai kyan fuskarta, wasu masu ƙera motoci ma shekara shida suka yanka.

Sanin shekarun taya ba shi da wuya. A gefenta akwai jerin rubutu da ya fara da haruffan DOT, ya ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Alal misali, 2319 na nufin mako na 23 cikin 2019. Idan kuwa aka ga lambobi uku ne kawai, to an yi tayar kafin shekara ta 2000, wurin da ya dace da ita shi ne ɗakin nuni.

Hanya ta biyu ita ce ta son zamani. Mai mota yakan ga tayoyin motocin yanzu masu faɗi da gajeren gefe, ya ce ai waɗannan sun fi riƙe hanya, ga su kuma da araha a kowane kanti. Lissafi kaɗan zai nuna inda gizo ke saƙar. A lambar 185 R15, 185 faɗin tayar ne a milimita, R rediyal, 15 kuma girman wili a inci. Tsayin gefenta kimanin kashi 80 cikin ɗari ne na faɗin, saboda haka tsayin ƙafar gaba ɗaya yakan kai kimanin milimita 675. Idan aka ɗaura 195/65 R15, wadda ake samu a ƙananan motocin iyali, za ta shiga wilin sarai, amma tsayinta kimanin milimita 635 ne. Motar za ta sauka ƙasa da santimita biyu, ita da dama cikinta a kusa da ƙasa yake, bututun hayaƙi ya riƙa gugar tudu. Maleji kuma zai riƙa nuna 100 alhali gudun 94 ake yi, injin yana ƙara wahala a banza.

Idan kuma aka nemi mai faɗi sosai don a cike gurbin, sai wata matsalar ta taso. Samfurin farko na E-Type ba shi da na'urar taimaka wa sitiyari, ƙarfin damtse ne ke juya shi, kuma duk faɗin da aka ƙara wa taya nauyi ne aka ƙara wa direba. Tayar takan gogi ƙarfen jikin motar idan aka karya sitiyari ko aka faɗa gargada, takan kuma riƙa bin duk wani tsagi da ke kan kwalta tana fizgar hannu. Babban abin ma shi ne yadda motar ke shan kwana. Motocin wancan zamani sukan karkata idan sun shiga kwana, ƙafafun su ma su ɗan kwanta. An yi tayar da da kafaɗa mai zagaye domin ko ta kwanta tana nan tana taka ƙasa, kuma idan riƙonta ya kusa ƙarewa takan fara zamewa a hankali, direba ya ji a hannunsa ya sassauta. Tayar zamani kuwa shimfiɗaɗɗiya ce mai kafaɗa a tsaye, an yi ta ne don motar da ba ta karkata. A jikin tsohuwar mota takan riƙe ƙam, sa'an nan ta saki gaba ɗaya ba sallama. Daɗin daɗawa, ƙarin riƙon nan yana jibga wa wilin da sauran ƙarafan ƙafa nauyin da ba a yi su dominsa ba. Norman Dewis, babban direban gwaji na Jaguar, a kan siraran tayoyi ya daidaita tafiyar motar, wanda ya sauya su ya rushe wannan aiki ke nan.

Hanya ta uku, wadda ita ce mafita, ita ce a nemi taya mai siffar da, amma sabuwar roba. Manyan kamfanoni sun lura da wannan kasuwa, suna kuma sake yin tsofaffin samfuransu da lambobin asali da zanen asali, da haɗin roba na zamani. Michelin na yin XVS a lambar 185 R15 da XWX a 205/70 R15. Pirelli na Italiya na yin Cinturato CA67, Vredestein na Holan kuma na yin Sprint Classic. Wanda motarsa ta farkon shekarun 1960 ce, kuma nufinsa gasar nuni inda alƙalai ke duba komai ya yi daidai da asali, yana iya neman sabuwar mai saƙar gicciye a wurin dillalan tayoyin tsofaffin motoci. Wanda kuwa zai riƙa hawa babbar hanya, rediyal 185 ta fi masa, tun da kamfanin da kansa ya koma kanta. Kuɗinsu ya fi na tayar kanti nesa ba kusa ba, amma araha ba ta ado, balle ga wanda ya riga ya kashe dukiya a fenti.

Akwai sharuɗɗa huɗu da za a kiyaye wajen sayen. Na farko, harafin gudu: S na nufin tayar za ta jure kilomita 180 a awa, H 210, V kuma 240. Motar da aka yi don gudun 240, V ce daidai da ita. Na biyu, kada a gauraya rediyal da mai saƙar gicciye. Dokar Birtaniya ta hana haɗa su a ƙafafu biyu na gaba ko biyu na baya, ta kuma hana sa rediyal a gaba da mai gicciye a baya, domin bayan motar zai riga gabanta zamewa. Abin da ya fi shi ne biyar ɗin duka, har da ta safiya, su zama iri ɗaya.

Na uku, batun tub, watau robar ciki mai riƙe iska. Yawancin E-Type suna da wili mai wayoyi kamar na keke, iska kuma tana fita ta ramukan wayoyin, saboda haka irin wilin asali sai da tub. A sayi sabon tub daidai girman tayar, a naɗe kawunan wayoyin da sabon ƙyallen roba, a kuma ɓare duk wata takardar lamba da ke manne a cikin tayar, don tana iya gugar tub ɗin har ta huda shi. Tayar da tsayin gefenta bai kai kashi 70 cikin ɗari ba, ba a sa mata tub, wannan ma wani dalili ne na guje wa gajerun tayoyin zamani. Na huɗu, a duba lambar DOT kafin a biya, domin irin waɗannan tayoyi ba a yinsu da yawa, wata takan daɗe a kanti kafin mai saye ya zo.

Mai karatu a Ikko ko Fatakwal ko Abuja na iya cewa ina ruwansa da Jaguar ta 1961. Ruwansa shi ne, tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ta daina yin taya a Ikeja a 2008, yawancin tayoyin da ke kasuwannin ƙasar nan daga waje suke zuwa, cikinsu har da na gwanjo waɗanda aka cire daga motocin Turai. Zafin ƙasar nan kuma yana gaggauta tsufan roba fiye da sanyin Ingila. Saboda haka ƙa'idar mai Jaguar ita ce ƙa'idar mai tsohuwar Peugeot 504 da mai motar haya: a sa lambar da masu ƙera motar suka rubuta, a karanta lambobi huɗun nan na gefe kafin a miƙa kuɗi, kada zurfin zane ya ruɗi mai saye. Allah ya kiyaye hanya, sai kuma mako mai zuwa.